Gidanmu Ya Shigo Ta Kunne

Zuwa ga ƙanwata Malsun,

Gaisuwa daga birnin Osaka. Yaya tsibirinmu na Jeju, yaya gwiwar taki, da wannan rigimammen mijin naki? Ni lafiya lau. Jikata Dasom ce ke rubuta mini, ƙiwa kawai nake ji. Idon kuwa ɗan hazo ne, kada ki tara mini jama'a.

Kin san shafin intanet da take gina wa gonar lemonku? Jiya na tarar ta rufe fuskar kwamfuta da tawul tana lalube. Na ce, "Ja'ira, ni kike kwaikwayo?" Ta ce, "Haba Kaka! Shafin da makaho ya kasa shiga, ai ban gama shi ba. Kowane hoto sai na rubuta masa bayani, na'ura ta karanta."

Ta danna, sai wata murya ta ce, "Tsohuwar bishiyar lemo, ta jingina da katangar baƙin dutse, an ɗaure reshenta da shuɗin tsumma."

Malsun, ɗaurin Innarmu ne! Ashe kina sabunta shi? Wallahi na riga na fid da ran sake ganin gidanmu, sai ga shi ya shigo ta kunne. Na yi ta sa ta maimaitawa har miya ta ƙone.

Dasom ta ce ko tsohuwar wayarki ma za ta buɗe shafin. Ki aiko hotonki a gindin bishiyar, bayanin ni zan faɗa: "Tsohuwa mai haƙori biyu, yayarta ta fi ta kyau."

Taki har kullum,
Gumrye