Maganin da ya hana ni ɗaukar jikanka

Alhaji,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma na saba kawo maka labarin gida kafin kowa, ban ga dalilin dainawa ba.

Maƙoƙon nan da ka bar ni da shi ya girma bayan rasuwarka. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar na yi gudu, hannuna na rawa, na rame. Likita ya tura ni Yawunde in sha aidin mai radiyo-aktibite. Na ji sunan na tsorata, har sai da 'yarka Hadiza, wadda yanzu ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ta zaunar da ni kamar ɗalibarta. Ta tuna mini abin da na bari a aji tun ina budurwa, cewa kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya da cibiyarta. Yawancinsu a natse suke. Wasu kuwa cibiyarsu ba ta da natsuwa, sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani kafin ta zauna lafiya. Aidin da za a ba ni irin waɗannan ne, kuma wuya yake nufa ya taru. Hasken iri biyu ne a nan: ɗaya a cikin kumburin yake tsayawa ya cinye shi, ɗayan yana ratsa jiki ya fito ya sami wanda ke kusa. Ƙaramin yaro ya fi kowa cutuwa da shi.

To ka ji inda jarabawar take. Maganin daga waje ake kawo shi, kuma ba ya ajiyuwa, domin duk bayan kwana takwas rabin ƙarfinsa ya tafi, bayan wasu takwas rabin abin da ya rage. Ga halin da ƙasa ke ciki, an sha ɗaga mini rana. Da aka kira ni ban yi gardama ba. Ina dawowa Duwala da maganin a jikina, Maryam matar ɗanmu Bashir ta haihu, tun lokacinta bai cika ba. Namiji, Alhaji. Jikanmu na fari.

Ka taɓa ganin kakar da aka haifa mata jika a gidanta, ba ta karɓe shi ba, ba ta yi masa wanka ba? Na rufe kaina a ɗakinka na zaure. Kwanona daban, kofina daban. Ina jin kukansa ta bango ina gyara wa Maryam riƙo da baki.

Matan unguwarmu New Bell kuwa ka san su da dubiya. Hajiya Ladi ta taso tun daga unguwar Ndogpassi da kunun gyaɗa, na tsayar da ita a taga. Ta ce tunda na je Yawunde na zama Baturiya, na ce ta ajiye kunun ta ja baya, domin ga goyo a bayan 'yarta da ta rako ta. Ta tafi da fushi. Kafin la'asar an ce tarin fuka ne, an ce sammu ne, an ce ba na son surukata. Mutanen yanzu sun fi son a rungume su a cuce su da a gaya musu gaskiya daga nesa. Zumuncin da zai cutar da jariri, wane irin zumunci ne? Ranar suna ma daga taga na ji an raɗa masa sunanka. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma ban buɗe ƙofa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk lokacin da kake dawowa daga tashar jiragen ruwa a gajiye, ka zauna kana tambayar Hadiza karatunta alhali ba ka gane rabinsa, ina kallonku daga madafa ina jin daɗi. Ba na yabon mutum a gabansa, ka sani. Yau na yaba maka.

Jiya likita ya auna ni da na'urarsa ya ce in koma cikin iyalina. Na yi wanka, na canza zane, na ce a miƙo mini maigidan. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ga sanƙo irin naka, ga ɗaure fuska. Na gaya masa ni ba na zama da mijin da ba ya kawo cefane. Ya kama yatsana ya yi barci, na hana kowa karɓarsa har azahar.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu a inda babu rabuwa.

Matarka,
Uwar Bashir