Inna Ba Za Ta Ce Ka Zo Ba

Roni, 9 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga Yayana Lauwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Rahamatu, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Ingila. Mu nan an cire gyaɗa, gero ya shiga rumbu, Kawu Halliru kuwa ya sayi garmar shanu, ba mai shan iska saboda cika bakinsa.

Wasiƙarka ta iso, na karanta har takardar ta yi laushi. Wallahi Yaya ka burge ni! Ni da nake koyar da 'yan aji shida, sai ga ni na koma ɗaliba. Abin da na gane shi ne, akwai wani sinadari da jikin mutum ke yi da kansa, wanda kuke kira inzayim, shi kaɗai yana aiki uku: yana wanke guba daga hanta, yana taya gyaran tsoka, kuma kana zaton ciwon daji na aron hannunsa ya yaɗu. Kai kuma shekara uku kana neman maganin da zai ɗaure wannan hannu ɗaya ya bar sauran su yi aikinsu. Kai, wannan haƙuri naka sai dai addu'a.

Na karanta wa mutanen gida a tsakar gida. Ka san Inna da kunyar ɗan fari, ba ta kama sunanka, ba ta tambayar labarinka. Ta juya baya tana ɓarar gyaɗa kamar ba da ita ake ba. Da na zo kan mai aiki uku, sai ta ce da ƙwaryar da ke gabanta, ai wannan mace ce, ba a sanin yawan aikinta sai ta kwanta. Muka yi ta dariya. Washegari ta ce in sake karanta takardar mutumin nan, wai ba ta ji farkonta ba. Sau huɗu ke nan tana rasa farkon.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ce za ka ƙara shekara kafin ka zo, tunda Inna ba ta aiko da wata damuwa ba. Haba Yaya, yaushe ta taɓa aiko maka da magana? Tun damina cikinta ke kumbura, idonta ya yi rawaya. Kawu ya kai ta Kano, likita ya ce hanta ce, ya kuma ja shi gefe ya ce a koma da ita gida a riƙa ba ta abin da ranta ke so. Ta hana a gaya maka, wai kada a tashi mai aiki daga kan aikinsa, mutane da yawa na jiran maganin. Ina alfahari da ku duka biyu, amma tsoro nake ji, shi ya sa na saɓa mata.

Maganinka ba zai riske ta ba, kai ne za ka iya. Ka nemi izinin malamanka ka taho kafin Babbar Salla. In ka shigo za ta kau da kai, ba za ta ce maka sannu da zuwa ba. Kada ka damu, ka zauna kusa da ita kawai.

Kawu, Gwaggo Tasalla da Shatu suna gaishe ka, a gaida Rahamatu. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, amma tana bakin ƙofa tana kallona har na gama rubutun nan.

Ƙanwarka,
Saude