Za Su Dandaƙe Mini Kwamanda

Ke mai wannan fili, ki taimake ni, ko da yake ban sa rai ba, don ku masu biro bakinku ɗaya. Ban yi boko ba. Tela maƙwabcina ke rubuta mini, kuma na ja masa kunne kada ya gyara ko kalma.

Shekara da shekaru ana ce wa karnukana masu zawo. A layinmu ake faɗa, a bayan idona, mutanen da ko kaza ba su taɓa kiwatawa ta rayu ba. Ni kuwa tun ina da baƙin gashi nake kiwon karnukan gadi, manyan nan masu kunne a tsaye da baƙin baya, jini ɗaya tsantsa. Karen bola bai taɓa leƙa bayan gidana ba. Uba ya hau 'yarsa, wa ya hau ƙanwarsa, duk don kada jinin ya gurɓace. Kejinsu na ƙarfe ne, daɓen na siminti, ni nake wanke shi da hannuna kullum safe.

Ina da yadda nake zaɓen na barbara, kuma ba littafi ya koya mini ba. Idan 'yan kwikwiyo sun girma sun kawo ƙarfi, sai in ajiye musu kwanoni in koma gefe. Wanda ya cinye nasa, ya ture ɗan'uwansa ya haɗa da nasa, ya lashe kwanon har ya kife, sannan ya ɗago kai yana kallona a ƙara, to wannan shi ne kare. Shi nake riƙewa. Mai yanga kuwa, wanda zai ci ya bar saura kamar ya je gidan surukai, kyauta nake bayarwa. Akwai irinsu ɗaya wajen mai walda na bakin titi, wata kuma wajen mai gidan burodi. Na mai waldan har ya soma tsufa, yana nan shame-shame a ƙofar shago ya yi ɓul-ɓul kamar buhu. Abin kunya, wai jinina.

Kwamanda shi ne nake riƙe da shi yanzu, kuma ban taɓa ganin mai ci irinsa ba. Gaskiya ne haƙarƙarinsa a waje, gashinsa ya dushe, kashinsa ruwa-ruwa mai maiƙo, ga yawa ga wari. Ubansa ma haka ya yi, kakansa ma haka. To sai me? Jarumin kare ba ya ajiye teɓa. Maganin tsutsa na ba shi, na sake ba shi.

Kwatsam sai babban ɗana, wanda na sha yi wa wanka a bahon da nake wanke 'yan kwikwiyo, ya kwaso mini wata likitar dabbobi, yarinya da safar hannu, tana toshe hanci a bayan gidana. Ta ɗebi jini, ta dawo ta ce wai ciwon gado ne, wai abincin wucewa kawai yake yi, wai a daina barbara da shi. Gado! Ni da na san kakan kakansa? Shi kuma ɗan nawa sai rawar kai, wai waɗanda suka karɓi 'ya'yan Kwamanda shi suke tarewa a hanya da ƙorafi. Yanzu sun sa rana, mako mai zuwa za su dandaƙe shi. Uwar 'ya'yana ma ta bi bayansu, wai ta gaji da wari. Idan aka dandaƙe Kwamanda, jinin da na tsare tsawon rayuwata ya yanke ke nan.

Na tambayi ɗan, na tambayi likitar, kowa sai ya ce in yi haƙuri. Ba haƙuri na tambaya ba. Tun yaushe cin abinci ya zama ciwo? Wani ya fito ya ba ni amsa, ko ke ko waninki.

Tsoho mai karnuka

Baba, ga amsa, sai dai ba za ta yi maka daɗi ba.

Ci yana zama ciwo ranar da mai cin ya daina ƙoshi. Kusa da tumbin kare akwai wata 'yar gaɓa mai fitar da ruwan narkar da abinci. Idan ta lalace, abinci ya shiga ya fita jiki bai samu komai ba. Rama, kashi mai maiƙo, cin da ba ya ƙarewa: da bakinka ka lissafo alamomin, jinin da aka ɗiba kuma ya gaskata ka. Abin da kake kira jarumta a bakin kwano yunwa ce, Baba. Kwamanda cikinsa cike, amma yunwa ke cinsa.

Wannan matsala tana bin jini a irin waɗannan karnuka. Kai kuma ka tsaya da kwano kana tsamo wanda ta fi kamawa, kana ɗora shi a kan 'yarsa. Ko da gangan aka ce ka tara ciwon wuri ɗaya, ba za ka fi haka iyawa ba.

Kana da taka gaskiyar. Ɗanka bai kyauta ba da ya sa rana bai zauna da kai ba, toshe hanci a gidan dattijo kuma ba tarbiyya ba ce. Dandaƙa ma ba ita za ta warkar da shi ba, amfaninta kawai kada ya sake haihuwa. Da za ka iya killace shi, da ba sai an kai ga wuƙa ba. Amma ɗanka ya fi ni saninka, ina jin shi ya sa ya sa ranar.

Ka koma wajen likitar, ka tambaye ta garin maganin da ake barbaɗa wa irinsu a kowane abinci. Har ƙarshen rayuwa ake ba su shi, amma da yawa suna murmurewa. Waɗanda suka karɓi 'ya'yansa kuma ka aika musu su kai nasu gwaji, su daina tare ɗanka a hanya.

Batun jini kuwa, bai yanke ba, kyauta ka bayar da shi. Masu barin sauran nan su ne masu ƙoshi. Ka sa hularka ka je ka gaida mai walda da mai gidan burodi, ka roƙe su a gwada nasu. Idan an same su lafiya, a haɗa su da irinsu daga wani gida da ba dangi ba, don su ma daga tsatson suka fito. Tsantsar tana nan, ciwon ne za a rage.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ya kuma nuna maka ranar da Kwamanda zai ci ya bar saura a kwano.