Bidiyon da Auta Ya Tura Maka

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Allah ya tsare ka a inda kake. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida.

Saƙonka ya iso, wai a zane ɗanka, in bai daina taurin kai ba a cire shi daga makaranta a kai shi gidan horo. Duk saboda bidiyon da Autanmu ya tura maka, yaro yana jifa da kujera yana zagi. To, kai ƙarshen ka gani, ni na ga farkon, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ranar ina shagon ɗinkin Auta, na je karɓar kayana. Yaron ya shigo salin-alin. Auta da abokansa, ƙarti da gemunsu, suka ɓoye masa takalmi, wannan ya ja masa kunne, wancan ya kira shi Ashana, wai don saurin fushinsa. Sai da suka ga jijiyar wuyansa ta miƙe sannan aka ɗaga waya ana ƙyaƙyata dariya. Wallahi ƙyamarsu ta kama ni, har yau ba na son ganin fuskar Auta. Wai baffansa ke nan.

Da na riƙe shi, tafin hannunsa sharkaf da gumi, ƙirjinsa na bugawa kamar keken ɗinkin nan. Har muka isa gida bai dawo daidai ba. Ban ce ba shi da laifi ba, yana da gardama, ni ma ya sha kai ni bango. Amma likitar da na kai shi wurinta ta ce irin waɗannan yara jikinsu kan riga hankalinsu tashi, ya kuma daɗe bai kwanta ba, duka kuwa ƙara hura wutar yake yi. Ta ce a bar shi ya zauna, ya ja numfashi a hankali, sai ya huce a yi masa magana.

Na dawo da shi ɗakina, na hana shi zuwa shagon, kuma babu inda za a kai shi. Jiya muna ninke kaya ya tambaye ni, wai da ka kalli bidiyon kai ma ka yi dariya? Ka kira shi ka ba shi amsa da bakinka.

Inna tana gaishe ka, da maigidana da yara. Auta kuwa ban tambaye shi ba.

Taka har kullum,
Yayarka