Ƙorafi Kan Dakatar da Direban da Bai Yi Allurar Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Kula da Sufurin Dabbobi.

Daga:
Mai gonar dawaki mai rajista lamba 214,
tsohon malamin falsafa a jami'a.

Litinin, 9 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

Game da: Dakatar da lasisin direban motar dawaki da aka fi sani da Sannu-Sannu, bisa takardarku ta 2 ga Yuni.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, zan fara da sanar da Mai Girma Darakta cewa ni mutum ne da ya san doki. Ina da littattafai goma sha ɗaya a kansa, uku masu bangon fata, kuma babu wanda ban ja layi a cikinsa ba. Shekara ashirin da shida na yi ina koya wa 'ya'yan mutane bambancin daidai da akasinsa kafin in yi ritaya in kafa turke. Na kawo wannan ne don a san mai ƙorafin ba ɗan koyo ba ne.

Ina da duƙushi ɗan wata goma sha huɗu, muna kiransa Goshi saboda farin da ke goshinsa. Bai taɓa shiga mota ba. Na yi wa wani mai horar da dawaki alkawarin kai masa shi ranar Alhamis, 22 ga Mayu, tafiyar awa huɗu. Sai ranar Laraba na kira direban.

Dattijon nan shekararsa talatin da ɗaya yana ɗaukar dawaki, ko ɗaya bai taɓa faɗuwa a motarsa ba. Al'adarsa in ƙaramin doki ne, sai ya kawo motar kwana uku kafin tafiya, ya buɗe bayanta a farfajiya, ya ajiye bokitin dusa a kan katakon hawa, kullum yana matsar da shi ciki, har dokin ya shiga da ƙafarsa. Ya roƙi a ɗaga tafiyar zuwa Litinin. Na ƙi, domin ni mai cika alkawari ne. Na shaida masa cewa kimiyya ta taƙaita kwana ukunsa zuwa minti goma da allurar barci. Ya amsa cikin ladabi cewa doki a mota ba fasinja ba ne, aiki yake yi, kowace kwanar hanya sai ya tare ta da ƙafafunsa, mai gyangyaɗi kuwa ba ya tsaron ƙafa. Na ce masa ban ga wannan a littafi ba. Daga baya na duba. Yana cikin bakwai daga sha ɗayan, biyu ma da layina a ƙarƙashi.

Akwai ragowar allurar barci a firij ɗinmu, wadda likitan dabbobi ya bari tun lokacin gyaran kofato. Ban kira likitan ba, don na san abin da zai ce. Da safiyar Alhamis na yi wa Goshi allurar da hannuna. Da na ga bai daina huci ba, na ƙara. Direban ya cire hularsa ya mayar, ya je ya ƙara shimfiɗa ciyawa a ƙasan motar. Yanzu na gane ya yarda ya tuƙa ne don ya san in ya ƙi, wani mai gudu zan kira.

Da misalin sha ɗaya da kwata, a wani shataletale, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya, muka ji ƙara a baya. Goshi ya zube, ƙafarsa ta baya ta shige ƙarƙashin katakon tsakiya, ƙarfe ya tsaga ta. Direban ya shiga ta ƙaramar ƙofa, ya rufe masa ido da rigarsa, ya zaro ƙafar, kofato ya karya masa yatsu biyu. Ni kuma na tsaya a bakin titi ina ba motoci hannu, ko da yake babu wadda ta nemi hakan. Daga nan muka juyo gida da Goshi.

Ƙorafina a kan hukumarku su ne:

1. Fom ɗinku na rahoton rauni, a sashe na bakwai, ya tambaya ko an yi wa dabbar allura kafin tafiya, sannan ya bar gurbi ɗaya tak na sa hannun direba. Bai tambayi wanda ya yi allurar ba. Direban ba ya ƙarya, ya rubuta e, ya sa hannu da hagu. Ina tsaye a kansa. Da akwai gurbin mai doki, ina kyautata zaton da na cike shi. Wannan sakaci ne na hukuma, a bar mutum irina da lamirinsa kaɗai ba tare da layin da zai rubuta a kai ba.

2. Sufetonku ya zo gidana ranar Litinin, 26 ga Mayu. Yaron kirki ne, ashe ma na taɓa koyar da shi. Ya zauna a falo, ya sha shayi, ya yaba littattafan. Bai tambaye ni ko ni na yi allurar ba. Abin da ya nema shi ne ra'ayina, a matsayina na masani, kan direbobin da ke yi wa dabbobi allura don sauƙaƙa wa kansu aiki. Ranka ya daɗe, na ba shi. Minti ashirin na yi ina bayani, yana rubutawa. Ban ambaci sunan kowa ba, ban kuma faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na koyar da darasi guda a kan irin wannan gaskiyar, kuma ina tuna cewa ban yi mata kirari ba.

3. An dakatar da direban wata shida ba tare da an kira shi an ji ta bakinsa ba. Na yarda ko an kira shi ba zai ce komai ba. Duk da haka, da an kira shi, da wataƙila an kira ni.

4. An umarce shi ya mayar da takardar yabon da hukumarku ta ba shi da ya cika shekara talatin. Ya mayar ranar 4 ga Yuni, a cikin gilashinta, ya ma goge ta.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Darakta, cikin girmamawa, da ya janye dakatarwar nan take, ya mayar wa dattijon takardarsa, ya sa sunana a inda aka sa nasa, da duk hukuncin da ya biyo baya, ko da soke rajistar gonata ne. A kuma ƙara layi ɗaya a sashe na bakwai. Na haɗo da kwalbar allurar a matsayin shaida. Uwargidana ce ta adana ta. Tun ranar, kowace safiya nakan tarar da kwalbar a kan littattafan.

Ya kamata in sanar cewa direban bai goyi bayan wannan takarda ba. Na karanta masa ita ranar Asabar. Ya ce in an soke rajistar, watsa dawakin za a yi, Goshi kuwa bai isa a sake ɗora shi a mota ba, don haka a bari ya warke tukuna. Wannan ne karo na biyu da na ƙi shawararsa, ina fatan wannan karon ni ne da gaskiya.

Motarsa tana farfajiyata, domin a nan takardarku ta same shi, shi kuwa ba ya tuƙa ko taku goma ba lasisi. Kullum da safe yakan zo a motar haya, ya wanke wa Goshi ciwon da hannu ɗaya. Tun ranar Juma'a ya buɗe bayan motar, ya ajiye bokitin dusa a kan katakon hawa. Yau duƙushin ya ɗora ƙafa ɗaya, ya janye. Dattijon ya matsar da bokitin baya kaɗan, ya zauna yana jira.

Ina roƙon a duba wannan da gaggawa. Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya da basira.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Mai gona lamba 214,
wanda ya yi allurar.