Adaftar da Ta Tona Asirin Ankon Hajiya

Zuwa ga Alhaji mai shagon kayan kwamfuta da ke hanyar Messa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina neman afuwar rubuta maka a bainar jama'a. Sau huɗu ina zuwa shagonka ana ce mini ka fita, to na gaji da hawa tasi a banza.

Ni tela ne a Briqueterie, aikina zanen surfani a kwamfuta kafin keke ya ɗinka shi. Kwamfutata kafar haɗa ekran, wato allon da ke nuna hoto, ɗaya gare ta. Na so in ƙara ekran na biyu a bango, yana fuskantar bencin masu jira, su riƙa zaɓen zane, ni kuma ina ciki da nawa ekran ɗin ina aikin da bai kamata kowa ya gani ba.

Na farko, da na zo shagonka sayen abin haɗawa, wannan bayanin haka na yi wa ma'aikacinka, da Hausa, na maimaita da Faransanci. Ya ɗauko adafta, wata 'yar wayar haɗi mai kafa biyu, ya rantse ita ce maganin matsalata. Da na haɗa, sai ga abu ɗaya a ekran biyun, kamar mutum da madubinsa. Daga baya wani mai gyara a Cité Verte ya fahimtar da ni cewa wannan raba hoto kawai take yi. Wadda nake buƙata ta USB ce, mai ba kowane ekran nasa aikin. Haba Alhaji, tela ne zai san wannan ko mai sayarwa?

Na biyu, da na mayar, ma'aikacin naka ya ƙi karɓa. Wai saiti ne, zai zo gobe ya daidaita. Goben nan ta kai mako uku. Ni kuma na riƙa kashe ekran ɗin bango da hannu duk lokacin da zan taɓa aikin sirri.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Akwai wata Hajiya da nake wa ɗinki tun ina da keke ɗaya. Za ta aurar da ɗanta, ta kawo mini ankon danginta, muka zauna muka fitar da zanen wuya da na hannu wanda ba a taɓa yi wa kowa ba. Ka san matan unguwarmu: anko sirri ne har ranar biki, ko ƙawa ba a nuna wa. Rannan da hantsi ina kan zanen aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, ekran ɗin bango ya kunna kansa. Daga inda nake zaune ba na ganin fuskarsa, ban sani ba. Na fi rabin awa ina juya zanen, ina ƙara girmansa, ga sunan Hajiya ɓaro-ɓaro a sama, mata cike da benci, kowace da waya a hannu.

Kwana biyar kafin bikin, wasu mata suka fito bikin suna a unguwar da zanen nan sak, har ɗigon da na sa a bakin hannu. Innalillahi! Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na ji sauƙi. Aikowa ta yi aka kwashe sauran yadinta. Abin da ya iso kunnena shi ne ta ce na sayar da zanenta. Na je gidanta da adaftar a aljihu ina bayani, ta dube ni ta ce ba ta taɓa jin waya ta yi gulma ba.

Na yarda ina da laifi, da na zare wayar gaba ɗaya da hakan bai faru ba. Amma wallahi takaici ya ishe ni, don kayan da na ƙi aka tilasta mini riƙewa. Yanzu ko matan da ke kawo ɗinkin Sallah sai sun tambaya a hankali ko nasu ma zai fito a bango.

Don haka ina roƙon abu biyu. Ka sa ma'aikatanka su riƙa tambayar mai saye ko hoto ɗaya yake so a ekran biyu ko aiki daban-daban, su gwada a gabansa kafin ya fita. Na biyun ya fi mini komai: ka zo da kanka, a matsayinka na dattijon da ake jin maganarsa, mu je wurin Hajiya ka haɗa adaftar nan a falonta, ta gani da idonta. Ni ta daina yarda da bakina. 'Yarta ma za ta yi aure bayan Sallah, kuma jiya da idona na ga an wuce ƙofar shagona da yadin ankon, an shiga da shi shagon da ke kallon nawa.

Allah Ya ƙara wa kasuwarka albarka, Ya tsare ka da zargin abin da ba ka aikata ba.

Wassalam.

Naka,
Tela mai surfani, Briqueterie, Yaoundé.