Tubalin Ɗakin Mai Bishara

Rara, ta Rabah

Yaya Winnie,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti da yara.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kin san an yi mana alkawarin mai bishara in mun gina masa ɗaki kafin damina, in kuma ba mu gina ba, za a tura shi Gandi. Mun fara buga tubali a bayan makarantar da nake koyarwa, muka kewaye wurin da zana don kada mu ja ido. To maƙwabcina Malam Lawwali, mai gonar albasa, ya leƙa ya gani. Tun ranar, in na gaishe shi sai ya amsa da ƙyar. Mu baƙi ne a nan, ga mu 'yan kaɗan. Na shawarci 'yan'uwa mu dakata, har na yi wa'azi a kan 'yan leƙen asirin nan goma cikin sha biyu da suka dawo daga Kan'ana suka ce kada a shiga ƙasar, akwai ƙatta. Na ce ai ba ƙarya suka yi ba, ƙattan suna nan, kuma mai hankali yakan auna ƙarfinsa.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanenki, Dickson

Goronyo

Dickson,

Na amsa gaisuwa, kowa lafiya. Na yi dariya har 'yata Justina ta zo tana tambaya ko an yi mini albishir ne.

Kai kaɗai na taɓa ji ya karanta labarin nan ya bi bayan goman. Gaskiya sun ga ƙatta. Amma da suka ce mutanen ƙasar na kallonsu kamar fara, wa ya gaya musu? Sun tambaya ne? Tsoro ne ya shiga zuciyar wasu ya karanto musu abin da babu. Biyun da suka ce a tafi, idonsu bai fi na sauran ba, sun dai tuna wanda ya aike su.

Tun kana yaro haka kake, ko akuya ta harare ka sai ka sake hanya. Ka ɗauki goro ka je ka tambayi bawan Allahn nan abin da ka yi masa. Ni dai buhun gerona na masu aiki yana hanya, kada ya iske ku a zaune.

Taka, Winnie

Rara

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na je. Ya karɓi goron, sannan ya ce:

"Malam, mi munka yi maka? Kana gini, ka sa zana, ba ka kira gayya ba. Nan wanda anka raina shi aka ɓoye ma aiki. Ko kun ɗauka ba mu iya kwaɓa ƙasa?"

Na ce ɗakin mai bisharanmu ne fa. Ya ce shi ba addininsa ba ne, amma mutum zai kwana a ciki, kuma ba a bar maƙwabci ya ɗauki ƙasa shi kaɗai ba tun kakanninsa. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi ta.

Ranar Asabar ya zo da jakai da mutanen unguwa, matarsa Sabuwa ta dama kunu da geronki. Mun cire zanar. Ban taɓa yin dariya a Rara kamar ranar ba.

Dickson

Rara

Yaya,

A gaggauce. An rufe ɗaki, mai bishara ya iso jiya da iyalinsa.

Malam Lawwali ya kira gayyar cirar albasa, ni ya fara aiko wa. Da ranar Lahadi ya sa, sai ya mai da ita Asabar, wai don kada in sami hujja.

A gaida yara.
Dickson